Igiya, Sikeli da Baki: Abin da Na Koya a Gonakin Tekun Zanzibar

A gabashin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, akwai gonakin da ba a ganinsu sai ruwan teku ya janye. Muddin ruwa na cike, ido ba ya ganin komai sai shuɗi. Da zarar ya ja da baya, sai turaku su ɓullo a jere cikin yashi, igiyoyi a miƙe tsakaninsu, kowace igiya ɗauke da ƙulle-ƙullen ciyawar teku, wadda mutanen wurin ke kira mwani. Babu shinge, babu kunya, amma kowace gona da mai ita, kuma kowa ya san inda tasa ta tsaya. Manoman wannan ciyawa a Unguja da Pemba sun haura 20,000, kusan takwas cikin goma mata ne. Idan aka cire baƙi masu yawon buɗe ido da kanumfari, ita ce kan gaba wajen kawo wa tsibiran kuɗin waje.

Da wuya a ce mai karatu bai taɓa amfani da ita ba. Daga jikinta ake tatso wani sinadari mai suna karajinan, wanda ke sa abu ya yi kauri ya kama jikinsa. Ana zuba shi a man goge baki, da askirim, da madarar ruwa ta gwangwani, da wasu magunguna. Sai dai ba a Zanzibar aka saba tatsarsa ba. Shanya ciyawar ake yi ta bushe, a danne ta a manyan ɗauri, a loda wa jirgi zuwa Turai da Amurka da Asiya, inda masana'antun suke.

Ni ma'aikaciyar kiwon kifi ce. A New Bussa na yi karatu, kusa da tafkin Kainji, kuma aikina na kullum tare da masu kiwon tarwaɗa ne. Dama ta samu na je Zanzibar na wasu watanni don in ga yadda ake noma a cikin teku, na sauka a wani ƙauye na gaɓar gabas. Dabarun noman ba su da wuyar ganewa, kuma ba za su tsinana wa mai kwamin kifi a Kano ko Minna komai ba. Abin da ya zauna mini a rai shi ne tambayoyi biyu: wa ke koya wa mai sana'a sana'arsa, kuma wa ke magana da yawunsa idan an zauna yanke shawara. A can na ga cewa amsarsu ce ke sa 'ya ta gaji uwarta a sana'a ko ta guje ta.

Tushen abin daga jami'a ne. Farfesa Keto Mshigeni na Jami'ar Dar es Salaam, wanda ya yi digirinsa na uku a Hawaii, ya shafe shekarun 1970 da 1980 yana gwaji, yana kuma kira da a rungumi noman. Har ɗan littafi ya rubuta da Suwahili domin mutanen bakin teku su karanta da kansu. Amma noma na kasuwa bai kankama ba sai 1989, da 'yan kasuwa suka kawo iri daga Filifin aka fara a ƙauyukan Paje da Jambiani. Irin kala biyu ne: sifinosam, mai juriya amma mai araha, da kotoni, mai tsada amma mai laulayi. A Unguja maza da yawa sun taɓa sun koma kamun kifinsu, saboda kuɗin ciyawa kaɗan ne kuma sai an jira. Mata suka riƙe. Ga macen da ba ta saba riƙe kuɗin kanta ba, wannan babban sauyi ne. Da kuɗin mwani an yi rufin kwano, an biya kuɗin makaranta, an yi wa 'ya'ya kayan ɗaki.

Matar da na fi bi gona dattijuwa ce, tun tana goyo ta fara wannan noma. Mama nake ce mata, ita kuma ta kira ni 'yata. Da watan sama take lissafin aikinta. Sau biyu a wata, wajen tsayuwarsa da kuma tsakiyarsa, ruwa kan janye sosai ya bar fili mai nisa, kuma kwanakin nan su ne na shiga gona. A sauran kwanaki ruwan ba ya ja da baya yadda za a isa wurin, sai a zauna gida ana shanya, ana tsince datti, ana shirya igiyoyi. Babbar janyewar kan faɗo da hantsi zuwa azahar, saboda haka cikin rana tsaka ake aikin, haske na tasowa daga ruwa da farin yashi yana dukan ido.

Za ta zauna dirshan cikin ruwa da zaninta, ruwan ya kawo mata ƙugu. Ta zaɓi reshe mai ƙoshi, ta karya shi daidai tafin hannu, ta zura shi a madaukin siririn zaren leda da aka riga aka ƙulla a jikin igiya, ta ja. Idan ƙullin ya yi tsauri zai yanke reshen, idan ya yi sako-sako ruwa zai tafi da shi, kuma yatsunta sun san tsakiyar ba tare da ta duba ba. Ta bar tazarar ɗani guda, ta ɗaura na gaba. In igiya ta cika, a miƙe ta tsakanin turaku biyu ta ɗan tashi daga ƙasa. Bayan mako shida a girbe, a ware na iri, a cusa sauran a buhu, a jawo shi ta cikin ruwa zuwa gaɓa, sannan a ɗauka a ka. Sai an shanya kilo takwas zuwa goma na ɗanya kafin a samu kilo ɗaya busasshiya. Ciwon baya da ciwon ido da ƙaiƙayin fata sun zama ruwan dare a tsakaninsu, ban da halittu masu ƙaya da masu dafi da ke kwance inda ƙafa ke takawa.

Wata rana na raka ta sayarwa. Ɗan shago ne a cikin ƙauye, da sikeli a rataye da wakilin kamfani a zaune. Ya zura hannu cikin buhun, ya murza ciyawar tsakanin yatsunsa, ya ce da sauran danshi, ya rage wani abu daga nauyin. Mama ba ta ce uffan ba. Ta karɓi kuɗinta ta ƙulle a bakin mayafi. Shekara da shekaru kilo ɗaya na busasshen sifinosam bai kai shilin 1,000 na Tanzaniya ba, kuma ba a ciniki, abin da aka faɗa shi ke nan. A hanyarmu ta komawa na ce, "Mama, kin san abin da suke yi da ita a can inda ake kai ta?"

Ta ce, "'Yata, na daɗe ina nomanta kafin in sani. Sun koya mana ɗauri, sun koya mana shanya. Abin da ya wuce ƙofar shagon nan ba a ce namu ba ne."

Wannan magana tata ta bayyana mini tsarin da aka fara da shi. A shekarun farko kamfani ne ke ba manomiya igiya da zare da iri kyauta, ya kuma turo mai koya mata, bisa sharaɗin cewa shi kaɗai za ta sayar wa. Koyarwar ba ta da aibi a inda ta dosa, domin matan sun ƙware ƙwarai. Amma mai saye abin da yake so ya saya yake koyarwa, kuma a nan yake tsayawa. Ba a koya musu yadda ake auna danshi da na'ura ba, balle su iya musa wa hannun wakili. Ba a gaya musu nawa ake sayar da ita a kasuwar duniya ba. Ba a nuna musu cewa ana iya niƙa ta, ko a ci ta, ko a yi wani abu da ita a gida ba. Tun daga lokacin nake kallon bitar da masu sayar da abincin kifi ke shirya wa manomanmu da wani ido. Ana koyar da yadda za a ciyar da tarwaɗa safe da yamma, kuma daidai ake koyarwa. Ba a cika zama a koya wa mutum yadda zai lissafa nawa kilo ɗaya ya ci masa kafin dillali ya iso bakin kwaminsa ba.

Iyakar wannan horo ta fito fili ne da ruwa ya fara zafi. Tun farkon shekarun 2000 kotoni ya shiga mutuwa a gonakin bakin gaɓa. Rassan su yi fari, su yi laushi, su ruɓe su zube daga igiya. A watannin zafi, daga Disamba zuwa Maris, ruwa mara zurfi kan ɗauki ɗumin da kotoni ba ya iya jurewa, kuma in ya raunana sai cuta da wasu ƙananan ciyayi su hau shi. Aka bar mata da sifinosam, wanda kuɗinsa bai fi rabin na kotoni ba, wani lokacin ma bai kai ba. Da yawa suka tsige turakunsu. Masana'antar da ke Turai ba ta rasa komai ba, domin Indunusiya da Filifin ne ke noma mafi yawan abin da duniya ke buƙata. Asarar ta tsaya a kan wadda ba ta san wata dabara ba sai wadda aka koya mata.

Masu bincike sun samo mafita: a matsa gonar zuwa ruwa mai zurfi inda ya fi sanyi, a bar igiyoyin su yi yawo a sama da abin da ke hana su nutsewa, ko a cusa irin cikin wata doguwar raga da aka ɗinke kewaye, dabarar da aka aro daga Burazil. Kotoni na yin kyau a can. To amma ruwa mai zurfi sai da kwalekwale, kuma sai wanda ya iya iyo. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawancin matan da suka yi rayuwarsu a bakin teku ba a taɓa koya musu iyo ba, al'ada ta bar wa maza wannan. A Nungwi, arewacin Unguja, akwai wani shiri da ke koya wa 'yan mata iyo cikin sutura mai rufe jiki duka, kuma hotunan da aka ɗauka na shirin sun ci kyautar hotunan jarida ta duniya a 2018. Ke nan horon wannan sana'a ya kai ga abubuwan da ba wanda ya zata suna cikinta: iyo, tuƙin kwalekwale, gyaran inji, sanin iska.

A nan akwai abin da nake jin tsoro, kuma na ji matan da kansu suna faɗa. Ranar da kwalekwale da kuɗi mai kauri suka shigo sana'a, maza kan dawo. Ba laifi ba ne namiji ya yi noma, a Pemba ma maza da yawa na yi. Amma idan aka raba jiragen ruwa aka koya wa maza kaɗai tuƙi, macen da ta riƙe sana'ar shekara talatin za ta koma 'yar ƙodago mai ɗaurin iri a gaɓa, kotoni mai tsada ya zama na mai jirgi. Saboda haka duk inda na ji an ce an horar da mutum kaza, nakan so in ji su wane ne, kuma wane ɓangare na aikin aka danƙa musu.

Sauyin da ya fi burge ni ya faro ne a 2006, da aka kafa wata gamayya ta masu ruwa da tsaki a harkar ciyawar teku a Zanzibar. Jagorarta ita ce Dakta Flower Msuya, mai bincike da ta yi shekaru a Cibiyar Nazarin Teku ta Jami'ar Dar es Salaam da ke birnin Zanzibar. Abin da gamayyar ta yi shi ne zaunar da manoma da masu bincike da jami'an gwamnati da 'yan kasuwa wuri ɗaya. Daga nan ne aka fara koya wa mata sarrafa abin da suka noma, kuma matan Kidoti a arewacin Unguja na cikin na farko da suka yi sabulu da ita.

Na zauna da wata ƙungiya ranar haɗa sabulu. An wanke ciyawar da ruwan daɗi, an shanya ta har ta yi fari, an niƙa ta gari. Wata ta auna man kwakwa, wata ta jiƙa soda a gefe tana kawar da fuska, aka haɗa ana juyawa da muciya har ya yi kauri, aka zuba garin da ɗan man kanumfari, aka juye a akwatin katako. Duk ɗakin ya ɗauki ƙamshi. Garin kaɗai, ba tare da an yi komai da shi ba, kan ninka kuɗin busasshiyar ciyawa sau goma ko fiye. Amma abin da na lura da shi ya wuce riba. Wata baƙuwa ta shigo ta tambayi kuɗin sabulu, sai ɗaya daga cikin matan ta faɗa mata, baƙuwar ta nemi ragi, matar ta ce a'a cikin fara'a. Matar nan ita ma tana kai buhu shagon sikeli ta tsaya shiru. A wannan ɗakin ita ce mai faɗin farashi. Yanzu ana yin lemo da kek da kwaɗo da mwani, mutanen da suka yi shekaru suna noma ta ba su taɓa kai ta baki ba sun fara ci, har an ware ranar 23 ga Yuli ta kowace shekara don bikinta.

Kada a ɗauka sabulu ya warware komai. Zanzibar na fitar da dubban tan a shekara, kuma sabulu da lemo ba sa cinye ko kaɗan daga ciki. Mafi yawa har yanzu ta shagon sikeli yake bi. Shi ya sa magana da murya ɗaya ta zama dole, kuma ba a kan farashi kaɗai ba.

Gaɓar gabas, inda aka fara noman, ita ce kuma inda otal-otal suka fi yawa. Katanga kan tare hanyar da mata ke bi da buhu a ka, filin shanya kan zama wurin kujerun baƙi, masu wasan sulu a kan ruwa da lemar da iska ke ja kan ratsa ta kan gonaki. Masu otal suna da ƙungiya, suna da lauyoyi, suna da takardun fili. Gonar cikin ruwa ba ta da takarda. Na halarci wani zama da aka yi da wani jami'i a kan irin wannan matsala. Wata mata ta miƙe, hannunta duk saɓar gishiri, ta ce, "Mai girma, gonata ba ta da takarda, amma mahaifiyata ta kafa turke a wurin tun ba a aza tubalin farko na ginin nan ba." Ba ta tsaya a nan ba. Ta buɗe wani littafin makaranta da ƙungiyarsu ke rubutu a ciki, ta karanto gidaje nawa ke bin wannan hanya, igiya nawa aka tsinka a watannin baya, da sunan kowace mai igiya. Jami'in da ke ta gyaɗa kai tun farko sai ya ciro biro. Kafin a tashi an tsayar da ranar da za a zagaya a duba hanyar.

Kuka kowa ya iya. Abin da ya sa aka ciro biro shi ne littafin, da kuma cewa wadda ke riƙe da shi da safiyar ranar tana cikin ruwa. Wakilci na gaskiya, a yadda na gan shi, yana buƙatar biyun nan tare. Na kuma ga kishiyarsa. Akwai ƙungiyoyin da shugabanninsu su ne waɗanda suka iya Turanci, suna yawo daga wannan taro zuwa wancan a ɗakunan sanyi, an daɗe rabonsu da igiya. Akwai waɗanda aka kafa don wani tallafi na waje, tallafin na ƙarewa suka watse. Waɗanda na ga suna da rai su ne masu karɓar ɗan kuɗin wata daga mambobinsu, komai ƙanƙantarsa, domin wadda ta biya takan tambayi abin da aka yi da kuɗinta.

Wani abu kuma da ya kamata a bambance: zama tare da mai saye da jami'i da malamin jami'a yana da amfani ƙwarai, a nan ake magance cuta da iri da inganci, abubuwan da kowa ke so su gyaru. Amma ranar da aka zo maganar farashi, buƙatar mai saye da ta mai noma sun raba hanya. Dole manoma su kasance da tasu ƙungiyar, inda za su gama shawara su kaɗai kafin su shiga babban zaure. Wannan ya ƙara muhimmanci tun 2020, da gwamnatin Shugaba Hussein Ali Mwinyi ta kafa ma'aikata ta musamman don tattalin arzikin teku da kamun kifi, daga baya kuma aka kafa kamfanin gwamnati na ciyawar teku aka ɗauki aikin masana'antar sarrafa ta a Chamanangwe da ke Pemba. Yanzu akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa, kuma akwai sabon babban mai saye da za a zauna da shi.

Game da yadda ake koyarwa, abu biyu na gani da ba zan manta ba. Wata ƙungiya daga waje ta shirya bita a cikin birni, ta sa ta daidai kwanakin babbar janyewar ruwa. Manoman gaske ba za su bar gona a ranakun da wata ya ba su ba, sai suka tura ƙannai da maƙwabta su cike kujeru, aka yi ta nuna rubutun Turanci a bango. Ɗayan kuwa a cikin ruwa aka yi shi. Wata manomiya da ta riga ta gwada doguwar ragar nan ta ruwa mai zurfi ce ke koyarwa da Suwahili, mai bincike na tsaye a gefenta yana amsa abin da ya shige mata duhu. An ɗaura ƙaramin ma'aunin zafi a jikin turke, aka nuna wa kowa yadda ake karanta shi, aka ce a riƙa rubutawa kullum tare da yadda ciyawar ta kwana. Mama, wadda karatunta na allo ne, ta sa jikarta ta riƙa rubuta mata. Bayan ɗan lokaci ita da kanta take gaya mini daga wane zafi ne rassan ke fara fari a gonarta.

Jikar nan tata ta gama sakandare. Na tambaye ta ko za ta karɓi gonar. Ta ce, "Anti, na ga bayan kakata." Aikin otal take nema. Ban ga laifinta ba, kuma duk wanda zai yi mata wa'azin riƙon gado sai ya fara ɗaukar jiƙaƙƙen buhu daga bakin ruwa zuwa gari. Yaro ba ya shiga sana'ar da ya ga wanda ya shekara talatin a ciki yana nan inda ya fara. Abin da ke jawo shi shi ne ya hango mataki na biyu da na uku.

Matakan kuwa akwai su, ba a dai nuna wa yara ba. A 2018 aka buɗe gidan ƙyanƙyasar halittun teku a Beit el Ras, kusa da birnin Zanzibar, da tallafin Koriya ta Kudu da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ana samar da 'ya'yan wani farin kifi da ake kira mwatiko, da ƙaguwa, da kokwambar teku, wata halitta mai taushi da ke rarrafe a ƙasan ruwa wadda ake saya da tsada a Asiya. Irin wannan wuri na buƙatar mai auna gishiri da iskar ruwa, mai rainon ƙananan halittun da jariran kifi ke ci, mai gane cuta a madubin bincike, mai gyaran famfo da injin wuta. A Bweleo, yankin Fumba, mata sun koyi sa wa kawa ƙwaya a cikin ɓawonta ta yi lu'ulu'u, suna kuma yin 'yan kunne da sarƙa da ɓawon. Masana'antar sarrafawa za ta nemi masu gwajin inganci da akawu da injiniyoyi. Da na ba jikar Mama labarin gidan ƙyanƙyasar, tambayar da ta yi mini ita ce wane darasi ake so mutum ya ci kafin a ɗauke shi. Shekarunta goma sha takwas a tsibirin, ba wanda ya taɓa zuwa makarantarsu ya gaya musu akwai wurin. Wannan ma aikin ƙungiyar sana'a ne, ta shiga aji ta ce ga abin da muke yi, ga inda ake koyo, ga wanda zai ɗauke ki.

Kuma fagen ba ƙarami ba ne. Alƙaluman hukumar abinci ta duniya sun nuna cewa a 2022, karo na farko a tarihi, kifi da sauran dabbobin ruwa da aka kiwata sun fi waɗanda aka kamo yawa, tan miliyan 94.4, wato kashi 51 cikin 100. Ciyawar teku da ake nomawa a duniya ta haura tan miliyan 30 a shekara, kusan duka a Asiya.

Ɗalibai 'yan Arewa kan ce mini teku ba namu ba ne. Nakan gaya musu cewa Farfesa Mshigeni da Dakta Msuya, mutum biyun da sunansu ya fi fitowa a wannan harka a Tanzaniya, dukansu 'yan yankin Kilimanjaro ne, ƙasar duwatsu mai nisa da gaɓa. Karatu ne ya kai su ruwa. Najeriya na da bakin teku mai tsawon kilomita 853, tana da cibiyar binciken teku a Victoria Island ta Legas tun 1975, da kwalejin tarayya ta kifi da fasahar teku a kusa da ita, kuma a 2023 an kafa ma'aikatar tarayya ta harkokin teku. Wanda ya iya auna ruwan kwami a Zariya ya riga ya kama hanyar auna na gishiri.

Da na dawo, na sauya yadda nake shirya wa ƙungiyar masu tarwaɗa ta garinmu bita. Mun daina zuwa ɗakin taro, a bakin kwamin ɗaya daga cikinmu muke zama, kuma ba ma sa rana sai mun tambayi masu kifin yaushe suke da sarari. Ƙungiyar ta sayi sikelinta, duk mai sayarwa yana iya aron sa ya rataye kusa da na dillali. Akwai littafi da ake rubuta farashin kowane mako da abin da kowa ya kashe a abinci. Zama na gaba a kan banda ne, kuma wata mai bandar kifi a kasuwar garin ce za ta koyar, 'ya'yan mambobi da ke sakandare ma an ce su zo.